Ruwa Abokin Aiki: Daga Kogunan Faransa Zuwa Bakin Dam Ɗin Gubi

[Taken shiri, sannan a sassauta]

Masu sauraro, kuna tare da shirinmu na faɗakarwa, Ruwa Abokin Aiki. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Gubi da ƙauyukan da ke kewaye da dam, masunta da manoman rani, da ɗalibai da malaman Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke mazauninta na Gubi, da duk mai jin mu a cikin garin Bauchi da wajenta.

Shirinmu na yau tafiya ce a jirgin ruwa. Za mu leƙa Faransa mu ga yadda jirgi ke hawa tudu ya gangara ba tare da an fid da shi daga ruwa ba, yana ratsa gonakin inabi. Daga nan mu dawo gida, mu duba Kogin Kwara da Binuwai da madatsunmu. Magana ɗaya nake so mu riƙe daga farko har ƙarshe: ruwa hanya ce, amma ba ya zama hanyar lafiya sai an yi masa tsari, an kiyaye tsarin, an kuma ci gaba da kula da shi.

[Kiɗa kaɗan]

A kudu maso yammacin Faransa akwai wani kogi da ake kira Lot. Yana tasowa daga duwatsu, ya yi ta lanƙwasa tsakanin tsaunuka na kusan kilomita 480, kafin ya zuba cikin Kogin Garon, wanda shi kuma ya wuce ta birnin Bordo ya faɗa Tekun Atlantika. A kan wannan kogi birnin Cahors yake, ruwan ya kewaye shi ta fuska uku, ga kuma wata tsohuwar gadar dutse mai hasumiya uku da aka fara ginawa a 1308, har yau mutane na takawa a kanta.

Asalin Lot kogi ne mai wuyar sha'ani. Da damina ya yi toroƙo, da rani ya janye har duwatsu su fito. Amma mutanen yankin suna da kayan da suke son kaiwa Bordo: gawayin ƙasa, katako, da amfanin gonakin inabi. Sai suka riƙa gitta ƙananan madatsu a kogin, kowace ta tare ruwa har ya yi zurfin da jirgi zai bi. To, ga matsala: in ka datse kogi, ruwan sama da madatsa ya fi na ƙasa tudu. Ta ina jirgi zai wuce? Amsar ita ce abin da za mu kira matakalar ruwa.

Ku saurara da kyau, domin dabarar mai sauƙi ce ƙwarai. A gefen madatsa ake gina wani dogon ɗaki marar rufi, bangonsa na dutse, da ƙofa a kowane ƙarshe. Ƙofa ɗaya tana kallon ruwan sama, ɗaya tana kallon na ƙasa. A ce jirginku ya taso daga ƙasa yana son hawa. Za a buɗe ƙofar ƙasa, matuƙi ya shigo a hankali. Mutum ɗaya ya sauka ya hau bango, a jefa masa igiya ya zarga a turken ƙarfe. A rufe ƙofar da kuka shigo ta ciki. A wannan lokacin kuna ƙasan rami, bango mai gansakuka ta hagu da dama, gabanku wata ƙatuwar ƙofa tana ɗiɗɗigar da ruwa. Sai wanda ke sama ya kama hannun juyi ya fara murɗawa. Ba ƙofar yake buɗewa ba, wasu 'yan tagogi ne a jikinta. Ruwa ya fara kwararowa yana kumfa, jirgin ya ɗan yi girgiza, mai riƙe da igiya yana ta janyewa don kada ya bugi bango. Cikin mintoci kaɗan sai ku ga bangon yana gajarcewa, har idonku ya kai kan ciyawa da itatuwa. Da zarar ruwan ɗakin ya yi daidai da na sama, ƙofar da ɗazu ƙarti goma ba za su iya motsawa ba, mutum ɗaya zai tura ta buɗe. In gangarowa za a yi, sai a juya aikin: a shiga ɗaki cike, a zurarar da ruwa, jirgi ya sauka.

Duk wanda ya taɓa ganin magini yana auna harsashin gini da siririn tiyo mai ruwa a ciki ya san wannan sirri. Ko ina ka kai bakin tiyon, ruwan gefe biyu sai ya daidaita. Wannan halin da Allah Ya yi wa ruwa, shi kaɗai ke ɗaga jirgi da kayansa, ba inji, ba fetur.

Ba Turawa suka fara wannan dabara ba. A ƙasar Sin aka gina irin wannan ɗaki mai ƙofa biyu tun shekarar 984. Amma Faransawa sun ɗauke ta sun yi mata hidima ta gaske.

[Kiɗa kaɗan]

Babban misali shi ne hanyar ruwan da ake kira Canal du Midi. Wannan ba kogi ba ne, haƙa ta aka yi da hannu, tsawon kilomita 240, daga birnin Tulus zuwa gaɓar Bahar Rum. Wanda ya jagoranci aikin sunansa Pierre-Paul Riquet, kuma ba injiniya ba ne, mai karɓar harajin gishiri ne. An fara a 1666, zamanin Sarki Louis na 14, aka buɗe a 1681. Dubban ma'aikata, maza da mata, suka yi aikin da diga da shebur da kwando. Shi kansa Riquet ya zuba dukiyarsa a ciki har ya ci bashi, ya kuma rasu a 1680, saura watanni a buɗe.

Abin da ya gagari waɗanda suka gabace shi shi ne ruwa a kan tudu. Hanyar dole ta haye wani wuri mai tsayin kusan mita 190 daga teku, kuma duk lokacin da jirgi ya wuce matakala, ruwa cikin ɗaki guda ya gangara ke nan, ba ya dawowa. Wa zai riƙa cika na saman? Riquet ya bi rafukan wasu duwatsu da ke kusa, ya tattara su cikin wata babbar madatsa mai suna Saint-Ferréol, ya jawo ruwan ta magudana zuwa ƙololuwar hanyar, daga nan ya rabu biyu, rabi gabas, rabi yamma. Ashe ke nan zuciyar wannan doguwar hanya madatsar ruwa ce, 'yar'uwar wadda muke da ita a Gubi. Kusa da birnin Béziers kuwa, ɗakuna takwas aka jera a manne da juna, waɗanda a asali suke ɗaga jirgi sama da mita 20 a tazarar kimanin mita 300. A 1996 hukumar UNESCO ta sa wannan hanya cikin kayan tarihin duniya.

Hagu da dama, a Lot da Canal du Midi, abin da matafiyi zai fi gani shi ne gonakin inabi, layi-layi a jikin tudu. Mafi yawan inabin can giya ake yi da shi, abin da addininmu ya haramta, ba kuma shi ne abin koyinmu ba. Abin lura shi ne dalilin da ya sa gonakin suka bunƙasa a bakin ruwa: manomi yana da hanyar kai kayansa kasuwa da araha. Inabi kuma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A Ƙaramar Hukumar Kudan, kusa da Zariya, manoma na noma inabin ci suna sayarwa. Damuwarsu ita ce ta kowane mai tumatir da albasa a bakin dam: yadda kaya za su isa hannun mai saye kafin su lalace, kuma kuɗin mota bai cinye riba ba.

Da jirgin ƙasa ya zo, cinikin kogunan nan ya fara mutuwa. A 1926 aka cire Lot daga jerin hanyoyin jiragen ruwa, ƙofofi suka ruɓe, laka ta cike ɗakuna. Sai wajen 1990 aka gyara wani sashe aka sake buɗewa, wannan karon domin masu yawon buɗe ido. Yau iyali kan yi hayar ƙaramin jirgi mai ɗakin kwana da madafa, su yi mako guda suna tafiya a hankali. A Canal du Midi doka ba ta yarda a wuce kilomita 8 a awa ba, don kada igiyar ruwa ta zaizaye gaɓa. Masu burodi, masu kayan lambu da masu masauki a ƙauyukan bakin ruwa duk suna samun abin sawa a baka. Tun 1991 akwai hukuma guda da ke kula da mafi yawan hanyoyin ruwan Faransa, kimanin kilomita 6,700. Aikinta kullum shi ne yashe laka, gyaran ƙofofi da kafa alamomi.

[Hutun rabin lokaci]

Masu sauraro, barkanmu da dawowa. Har yanzu kuna tare da shirin Ruwa Abokin Aiki. Yanzu sai gida.

Kada wani ya ɗauka tafiyar ruwa baƙon abu ce gare mu. Tun kafin zuwan Turawa, Nufawa da Kakanda suna jigilar kaya da mutane a Kwara da manyan jiragen katako. Sarkawa sun san kowane lungu na ruwan Kabi da Yawuri. Sarautar Sarkin Ruwa ba ta ado ba ce: shi ya san inda ke da zurfi, inda ke da dutse, da lokacin da ba a shiga ruwa. Fataken goro da ke zuwa Gwanja sai sun biya kuɗin fito kafin su haye Kwara da jakunansu.

Zamanin mulkin mallaka, jiragen tururi sun riƙa hawowa daga bakin teku zuwa Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Daga nan wasu su bi Binuwai da damina har Yola da Garwa, wasu su bi Kwara su nufi Baro. Ta Baro aka sauke ƙarafan da aka shimfiɗa layin dogon da aka fara a 1907, ya isa Kano a 1911. Gyaɗa da auduga da fatu da yawa na Arewa ta ruwa suka gangara.

Ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: mu ma muna da matakalar ruwa. Da aka gina madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, an yi mata hanyar da jiragen kaya za su hau su sauka. Haka aka yi wa madatsar Jebba da ta biyo baya a shekarun 1980. Tafkin Kainji ya shafe duwatsun Busa masu haɗari, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, kuma burin masu aikin shi ne jirgi ya taso daga teku ya kai Yawuri. A 1997 aka kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja. A 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, kilomita 572. A watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar jiragen ruwa ta Baro.

To, ina jiragen? Shekaru sun shuɗe, zirga-zirgar da aka yi fata ba ta kankama ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kogi kullum yana ɗauko yashi, in aka yashe sau ɗaya aka tafi, zai mayar da abinsa. Tasha kuma ba ta aiki sai da titi ko layin dogo mai kyau da zai kwashe kayan. Ƙofar ƙarfe da ke cikin ruwa, in ba a motsa ta ana gyara, tsatsa ce za ta gaje ta. Mun iya fara aiki, mun iya bikin buɗewa, amma kulawar yau da gobe ita ce inda muke sakaci. Asarar kuwa babba ce. Jirgin kaya na gargajiya a hanyoyin ruwan Faransa, mai tsawon mita 38 da rabi, yana ɗaukar tan 300, wato lodin tirela goma masu tan talatin-talatin. Ku tuna yadda manyan motoci ke farfasa titunanmu, da rayukan da ke salwanta a kansu.

[Kiɗa kaɗan]

Amma akwai asarar da ta fi ta dukiya ciwo. A watan Mayun 2021 jirgi ya kife da fasinjoji a kusa da Wara, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, mutane masu yawan gaske suka rasu. A ƙarshen Nuwamban wannan shekarar, a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, jirgi ya nutse da mutanen da suka taso daga ƙauyen Badau za su Maulidi, aka rasa aƙalla 29, akasarinsu yara 'yan Islamiyya. A watan Yunin 2023, a yankin Patigi na Jihar Kwara, fiye da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki cikin dare. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri.

Ku lura, na Bagwai ba a babban kogi ya faru ba. A dam ne, ruwa kwance, irin namu na Gubi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mafitar jirgi ranar kasuwa ya san yadda abin ke farawa. An loda buhunan masara, an ɗora babur biyu, ga akuya an ɗaure. Mata da goyo sun zauna a tsakiya. Bakin jirgin saura ɗan taƙi ya taɓa ruwa, wani yaro yana ta kwarfe wanda ke tsattsafowa ta haɗin katako da gwangwani. Rana ta yi gora, sai ga mutum uku sun iso da gudu. "Haba direba, taimaka mana, mu kaɗai ne!" Mai jirgi ya dubi kuɗin fito, fasinja suka dubi duhu, ba wanda ya ce a'a. A tsakiyar ruwa iska ta taso, ko jirgin ya daki kututturen icen da ruwan dam ya rufe tun ranar da aka datse shi, wani ya firgita ya miƙe tsaye, shi ke nan.

Mun yi imani da ƙaddara, amma addininmu bai ce a bar sababi ba. Matafiyin da ke gaban matakalar ruwa a Faransa ba ya gardama da doka: ya jira layinsa, ya ɗaure igiya, ya bari ruwa ya daidaita. In ya yi gaggawa, ƙofar ma ba za ta buɗu ba. Mu namu ruwan ba shi da ƙofar da za ta tilasta mana, don haka mu ne za mu zama wa kanmu ƙofa.

Ga mai jirgi: ka san adadin da jirginka ke ɗauka, ka rubuta a jikinsa, in ya cika ko mahaifinka ne ya zo ka ba shi haƙuri ka dawo ka ɗauke shi. Ka duba katako da inji kafin ka tashi. Kada ka tashi bayan faɗuwar rana, ko lokacin da hadari ya haɗo. Hukumar NIWA ta hana tafiyar dare da lodin wuce kima, ta kuma wajabta rigar kariya.

Ga fasinja: rigar kariya ba ta matsorata ba ce, gwanin iyo ma yana gajiya, balle mace mai goyo ko dattijo cikin babbar riga. In ka ga jirgi ya cika, ka jira sawu na gaba. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga iyaye da malamai, har da ɗalibanmu da ke zuwa bakin dam shan iska da ɗaukar hoto: ruwan dam yana da yaudara. Samansa lumui, ƙasansa laka da rami, taku ɗaya ne tsakanin gwiwa da iya wuya. Kada a bar yara su je wanka su kaɗai, kada kuma a shiga kwale-kwalen masunci don wasa.

Ga masu unguwanni, Sarakunan Ruwa da ƙungiyoyin masunta: ku ne hukumar da ke bakin ruwa kullum. Ku sa alama inda ke da kututture, ku haɗa kuɗi ku sayi riguna ko goma ne a ajiye a mafita, ku tsayar da doka ku hukunta wanda ya karya.

Sannan ga mu duka mutanen Bauchi. Dam ɗin Gubi ba hanyar jiragen kaya ba ce, ba kuma don haka aka gina shi ba. Shi ne babban tushen ruwan famfon da garin nan ke sha. Abin da ya lalata matakalun Lot na tsawon shekaru sittin da wani abu, wato laka da sakaci, shi ke barazana ga kowace madatsa. In aka sare itatuwan da ke gaɓa, aka yi noma har bakin ruwa, damina za ta kwaso ƙasa ta zuba a ciki, dam ya riƙa cikewa, ruwan da yake riƙewa ya ragu. In aka wanke tankin feshi a ciki, ko aka zubar da shara a rafukan da ke shiga, kifi zai mutu, aikin tacewa ya ƙaru. Mutanen Hadejiya da Nguru sun ga yadda ciyawar kacalla ta toshe musu hanyoyin ruwa, ta hana su da noma. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Manomi ya bar tazara tsakanin gonarsa da ruwa, ya dasa itatuwa a wurin. Hukumomi kuma su sa kuɗin kulawa cikin kasafin kowace shekara, su kai rigunan kariya mafitun kogunan Gongola da Jama'are kafin damina ta sauka, ba bayan an yi jana'iza ba.

Wakilanmu a majalisa su riƙa tambayar inda aka kwana game da Baro da matakalun Kainji da Jebba, domin dukiyar jama'a ce aka zuba. Ɗalibanmu masu karatun injiniya a Gubi kuwa, ga fagen aiki nan a buɗe: yadda za a auna lakar da ke taruwa a dam, da yadda za a ƙera jirgin fito mai araha wanda ba ya saurin kifewa.

[Taken shiri a hankali]

Masu sauraro, a nan za mu dasa aya. Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai ji ba, musamman 'yan'uwanmu da ke bin ruwa zuwa gona ko kasuwa. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu tattauna yadda ake ba wanda aka ceto daga ruwa taimakon farko kafin a kai shi asibiti. Allah Ya tsare mu a tudu da ruwa. 

[Taken shiri ya ɗaga, ya ƙare]